Kaskar da Na Kai Gaban Kumandan

A zamanin Faransa ni kaɗai ne baƙar fata mai ɗaukar hoto a Agadas, kuma kaina ya kumbura da hakan.

Wata rana Agali, wani makiyayi daga Dannet, ya zo mini hankali tashe. Maƙwabcinsa ya yi da'awar raƙuminsa, shi kuma yana son hoton tambarin wutar da ke wuyan dabbar don ya nuna wa kumandan, Bafaranshen da ke mulkin garin.

Na ce, "Kwantar da hankalinka, aboki. Ko makaho sai ya ga tambarin nan."

Na kwance gilashin injin da nake faɗaɗa hoto da shi, na ɗaura a bakin kamara, don yana mai da ƙwayar gero ta zama ƙwarya. Na manna shi a wuyan raƙumi, na hango wani abu zagayayye, na danna. Da na wanke hoton, har tafa wa kaina na yi.

Ranar shari'a na miƙa shi da hannu biyu. Kumandan ya juya shi sama, ya juya ƙasa. Tafinta ya leƙa, ya ce, "Ranka ya daɗe, tambarin nan ƙafafu gare shi."

Kaska ce, ta sha jini ta yi ɓul-ɓul, ta cika takardar.

Maƙwabcin ya ce, "Wannan dabbar kam tasa ce, na bar masa."

Sai da aka jawo raƙumin har ƙofar ofis kafin Agali ya samu gaskiyarsa. Har yau in na ratsa kasuwar dabbobi, sai wani ya ɗaga wutsiyar jakinsa, ya nuna mini kaska, ya ce, "Maigida, ga amarya tana son hoto!"