Tsarabar da Taibatu Ta Ƙwace

"Lahiya lau, maigida. Ina gajiyar hanya? Ina mutanen Mafara? Da ƙafarka ka taho, ko iska ta kwaso ka?"

"Babur ya kawo ni, amarya. Ina ciwon ƙafa?"

"Da sauƙi. Ko yanzu ta hi damtsenka kauri."

Haka tsohuwa Taibatu ta tarbi jikanta Sharhabilu ranar da ya zo Dakko gaishe ta. Tun yana cikin zanen goyo take ce masa mijinta, shi kuwa da ya yi baki ya rama da amarya.

Sharhabilu tela ne a Talata Mafara, dogo, siriri. Ya daɗe yana ɗaga ƙarfe a bayan shago, sanda ce da gwangwanin siminti a kowane gefe. Abokansa duk sun murɗe, shi kuwa yana nan yadda yake. Da kasala ta dame shi ya je asibiti aka auna jininsa. Likita ya ce sinadarin nan na maza, testostaron, ya yi ƙasa, ya dawo a sake awo, kada ya sha komai kafin nan. Sai abokinsa Hashimu ya miƙo masa kwalbar ƙwayoyi, wai in sun shiga jiki sai su rikiɗe su zama sinadarin. Kwalbar tana aljihunsa bai buɗe ba, niyyarsa da ya koma gida ya fara sha.

"To, ina tsarabata?" in ji Taibatu.

"Ni ne tsarabar. Dube ni da kyau."

"Na duba. Kara na gani an sa wa riga. An ce ƙarfe kake ɗagawa, ashe allura ake nufi?"

"Tsohuwa, ƙarfen da nike ɗagawa, ke da awakinki duka ba ku kai shi nauyi ba."

"Shi ya sa kyankyaso ya kore ka daga ɗaki bara?"

"Ba gudu na yi ba, hanya na ba shi."

Ya durƙusa zai zauna kan tabarma, sai aljihunsa ya yi kacau-kacau. To, Taibatu tana da doka da duk jikokinta suka sani: wanda ya zo hannu rabbana, abin da ke aljihunsa ya zama nata. Ta ci huluna da agogo a haka. Kafin ya ankara hannunta ya shiga ya fito.

"Alhamdu lillahi! Alewa ce?"

"Kawo, amarya, magani ne."

"Na mi?"

Ya sosa ƙeya. "Na ƙwanji. Jiki yake murɗawa."

Taibatu ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. "Abin da nike nema ke nan! Yau in na sha, gobe in ɗauki turmi da hannu guda. Jibi in tahi Maradun in shiga hilin dambe, a ce ga Taibatu mai kashe maza!"

"Da wane haƙori za ki ciji laya?"

"Da naka, in na zubar da su. Miƙo mani moɗa."

Yana dariya har da riƙe ciki, sai ya ga da gaske ta murɗe marfin, ta zazzago guda biyu a tafin hannu. Ya yi wuf ya riƙe hannunta.

"Inna, don Allah kar ki sha! Hanta yake taɓawa!"

"A'a, yau ni ce Inna? Ina amaryar ta tahi?"

"Ba wasa nike ba. Ba a ma san abin da suka cusa a ciki ba."

"To, na fasa. Bari in ba zakarana, shi ma wuyansa irin naka ne. Kur-kur-kur!"

"Zai mutu, wallahi!"

"Wa ya gaya maka?"

"Likita. Ya ce irin waɗanga suna sa jiki ya daina yin nasa sinadarin, har haihuwa suna iya..." Sai ya saki hannunta.

Taibatu ta dube shi ta gefen ido, ta mayar da ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta rufe.

"Ashe ka sani. Tsohuwar hantata da ta gama cin tuwon duniya ka ji tausayinta. Zakaran da zan yanka ran Juma'a ka ji tausayinsa. Kai kaɗai ne ba ka da mai tausayi a gidanga? Kuma 'yan kishiyoyin da za ka haifa mani, wa ka tambaya kahin ka sallame su?"

Sharhabilu ya dubi kwalbar, ya dubi zakaran. Can sai dariya ta kubce masa, ya faɗi rigingine kan tabarma.

"Kin ci, amarya. Riƙe abarki. Zan koma awon."

"Da ma tawa ce." Ta ƙulle kwalbar a bakin zane. "In likitan ya ce ka sha, ka taho da shi ya karɓa a hannuna, in ga ko shi yana da ƙwanji."

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya cike da ƙwan zabi. "Ungo, ka dinga dafawa kana ci. Amma sai ka ɗora mani buhun shinkafar can bisa dakali."

Ya tuɓe riga, ya tofa yawu a hannu, ya yi bisimilla. Ya sunkuci buhun, ya dire shi bisa dakalin yana haki. Taibatu ta sake rangaɗa guɗa, ta leƙa ta kan katanga.

"Maƙwabta, ku hito ku ga mijina! Buhu guda ya ɗaga shi kaɗai!"

Sannan ta matso kusa da kunnensa, ta rage murya.

"Ƙaiƙayi ne a ciki, maigida. Amma ba mai ji a bakina."