Tuwon Nomau

A Tungar Kanya, can ƙarshen gari inda katanga ta jingina da gonaki, akwai wani gida mai ɗaki biyu da rumbu ɗaya. Mutum biyu ne a cikinsa, Inna Kyauta da ɗanta Nomau. 'Ya'ya shida ta haifa, biyar ƙasa ta rufe su tun suna ƙanana, mijin ma ya bi bayansu. Wanda Allah ya bar mata shi ne Nomau, ƙaton mutum mai shekara arba'in da ɗoriya, ga ƙarfi ga ladabi, ba ya zagi ba ya ɗauke-ɗauke. Aibinsa ɗaya ne. Abin da aka faɗa masa shi yake yi, daidai yadda aka faɗa, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya share tsakar gida tas, har kajin sai ya share ya kai bola.

Ita kuwa Kyauta, duk garin an san hannunta. Biki ko suna, ita ake miƙa wa muciya, kuma ko miyar kuka ta kaɗa sai an lashe kwano. Da wannan hannun ta ciyar da Nomau shekara arba'in, bai taɓa sanin inda gishiri yake ba. Sai ga wata damuna ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya. Malamin asibiti ya ce ta bar tsayuwa gaban murhu, ta kuma rage gishiri. Sauran abin da bai faɗa ba ta karanta a fuskarsa. Mutuwar ba ta ba ta tsoro ba. Abin da ya hana ta sukuni shi ne wa zai ba Nomau abinci in ta tafi. Ga ta da zuciya, ba ta iya roƙo ba. Saboda haka ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofar ɗaki, ta ce za ta koya masa girki kafin lokaci ya ƙure.

Wata rana ta sa shi ya ɗora miyar kuka. Ya zuba ruwa, ya sa daddawa da barkono, ta nuna masa yadda ake barbaɗa kuka ana kaɗawa da maburgi don kada ta yi gudaji. Duk ya yi daidai, har ranta ya fara sanyi. Da aka zo kan gishiri ta ce, "Kaɗan-kaɗan ake sawa, ana ɗanɗanawa, har ya ji." Ta jingina da bango, gyangyaɗi ya ɗauke ta. Nomau ya ɗauki ƙwayar gishiri ɗaya ya jefa, ya cika ludayi ya shanye. Bai ji ba. Ya jefa ta biyu, ya sake cika ludayi. Haka ya yi ta yi, da haƙuri irin nasa, gumi na zuba. Da ta farka ya taho da tukunya yana murna.

"Inna, gishiri ya ji."

Ta leƙa. Abin da ya rage a gindin tukunyar bai cika cokali biyu ba.

"Ina miyar?"

"Na ɗanɗana."

Ranar gayan tuwo ta ci da ruwa, shi kuwa ya ce ya ƙoshi.

Wata rana, don gudun abin da ya faru, ta ce ya sa gishirin gaba ɗaya kawai. Ya dumbuza hannu guda ya watsa. Kyauta ta kai baki ta runtse ido, amma ba ta yi faɗa ba, don ta san dabarar. Ta ce ya fere ɗanyen dankali ya jefa a ciki, ya bari ya tafasa, sannan ya tsame shi, zai janye gishirin. Aka yi haka, miya ta ɗan ciwu. Nomau ya riƙe wannan karatu da kyau. Kwana takwas ana kawo mata miya, kullum da sauran zafin gishiri a ciki, kullum ƙafafun suna ƙara tashi, har takalmi ya daina shiga. A na tara ya zo ya durƙusa gabanta, fuska a ɓace.

"Inna, yau ba miya."

"Me ya faru?"

"Dankali ya ƙare."

"To ina ruwan miya da dankali?"

"Haka kika koya mini. A cika gishiri, a sa dankali, a tsame."

Ta dubi ƙafafunta, ta dubi ɗanta. Wanda za a yi wa faɗa bai san ya yi laifi ba, kuma a ganinsa magani yake yi mata kullum.

Wata rana aka zo kan tuwo, wanda shi ne ya fi damunta, don mutum in ya iya tuwo ba zai mutu da yunwa ba. Ta koya masa ya dama gari da ruwan sanyi ya yi ruɗe, ya bari ya dahu sosai, sannan ya riƙa zuba busasshen gari yana tuƙawa. Tuƙi kam Nomau ya iya, har tukunya tana rawa a kan murhu. Ya tambaya yadda zai san ya yi. Ta ce, "In ka kafa muciya a tsakiya ta tsaya ba ta faɗi ba, ya yi." Tari ya taso mata, ta ja jiki ta shiga ɗaki. Nomau ya kafa muciya, ta tsaya. Ya tura ta da yatsa, ta karkace. Ya ƙara gari. Ya kafa, ya tura da tafin hannu, ta karkace. Ya ƙara gari. Garin dawa na mako guda ya shige tukunyar nan, sannan muciya ta tsaya, tsayuwar da ko an ɗaure akuya a jikinta ba za ta motsa ba. Da ya zo cire ta sai ta ƙi. Ya taka tukunya da ƙafa ya fizga, tukunyar ƙasa ta rabe biyu, tuwon ya fito dunƙule guda a kan muciya. Ya saɓo shi a kafaɗa kamar fartanya ya kawo mata. Kyauta ta yi dariya har tarin ya dawo. Da dariyar ta lafa sai ta ga ɓaraguzan tukunyar a ƙasa, tukunyar da uwarta ta bar mata, ta juya fuska bango ta yi kuka mai isarta.

Wata rana ya samo ɗanyar kuɓewa a gona. Ta nuna masa yadda ake yanka ta ƙanana, a jefa 'yar kanwa don yauƙi ya tashi. Ta ce, "Kuma ka ji da kyau, miyar kuɓewa ba a rufe ta. In ka rufe, tsinkewa za ta yi." Murhun a tsakar gida yake, ba rumfa. Miya ta fara ƙamshi ke nan hadari ya taso daga gabas, kafin a ce me ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kyauta tana ɗaki tana kira, ƙarar ruwa a kan kwanon rufi ta shanye muryarta. Nomau ya tsaya a kan tukunya, murfi a hannu, ruwa na dukansa. Ya ga wuta ta mutu, ya ga tukunya ta cika ta tumbatsa, ya ga kuɓewar tana bin rariya ɗaya bayan ɗaya. Bai rufe ba. Da ruwa ya ɗauke ya shigo yana rawar ɗari ya ce, "Inna, ban rufe ba, amma duk da haka ta tsinke." Can sai ga muryar maƙwabciyarsu Marka ta kan katanga.

"Yaya Kyauta, lafiya kuwa? Kwana biyu ba na jin ƙamshin daddawarki."

Kyauta ta tattaro sauran ƙarfinta ta ce, "Lafiya lau, Marka. Yanzu muka sauke."

A wannan yammacin uwa da ɗa gyaɗa suka tauna. Kyauta ta daɗe tana kallon rufin ɗaki. Ta san ta gaza. Abin da ta iya a hannunta yake, kuma da hannun za a binne shi.

Wata rana Marka, da ba ta yarda da wancan lafiya lau ɗin ba, ta miƙo kwanon dambun zogale ta kan katanga. Kyauta ta ci kaɗan, Nomau ya cinye sauran. Jikin ya yi nauyi ƙwarai a ranar, magana ma da ƙyar take fita. Ta ce, "Ɗan nan, ka mayar wa Marka kwanonta. Akwai kuma kwanukan mutane da suka maƙale a wurina tun ina aikin biki, ba na so in tafi da kayan kowa. Suna nan a kan jere, ka kai wa mutane."

"To, Inna."

"Kada ka kai su wofi, abin kunya ne. A garin nan, kwanon da ya shigo da abinci, da abinci yake fita."

Nufinta ya zuba 'yar gyaɗa a ciki, kuma kwano uku take nufi, waɗanda ke gefe. Kafin ta ƙarasa bayani barci ya sace ta. Nomau ya dubi jere. Kwano goma sha bakwai ne a kai, har da langunan aurenta masu zanen jan fure, waɗanda ba ta bari ko ƙuda ya sauka a kansu. Ya sauke su duka. Ya ɗora sanwa a tukunyar ƙarfe, ya tuƙa tuwo irin nasa, ya kaɗa miya irin tasa, ya cika kowane kwano. An ce a kai wa mutane, shi kuwa duk gidan da ya duba mutane ne a ciki. Ya bi gari gida-gida, yana sallama yana ajiye ɗaya, yana cewa, "Inna ce ta ce a kawo."

Babu macen da ba ta san kwanukan Kyauta ba. Kowacce ta karɓa da murna, tana cewa ashe jiki ya yi sauƙi. Sai da aka ɗaga murfi. Tuwo ne baƙi-baƙi, rabi ɗanye rabi ƙanzo, ga gudaji kamar tsakuwa, miyar kuma ko kare ya lasa sai ya nemi ruwa. Marka ta gutsura ta kai baki, ta kasa haɗiyewa. Ta fita ƙofar gida ta tarar da mata uku tsaye, kowacce da kwano a hannu. Wata tsohuwa a cikinsu ta ce, "Wannan Kyauta take ci?"

Kwanukan ba nasu ba ne, dole a mayar. Kuma sun shigo da abinci.

Bayan la'asar Kyauta ta farka ta ji gidanta cike da sallama. Tuwon shinkafa, faten tsaki, ɗanwake, kunun gyaɗa mai zafi, kwano goma sha huɗu jere a gabanta, duk nata, Marka kuma ta ƙaro da nata. Ta gane abin da ya faru, ta ja mayafi ta rufe fuska. Kunya ta kama ta kamar ta nutse. Asirin da ta yi wata biyu tana rufewa, ɗanta ya ɗauka a ka ya zaga gari da shi.

Marka ta zauna ta yaye mayafin. "Haba Yaya Kyauta. Wane gida ne a garin nan ba ki tuƙa wa tuwon suna ba? Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ki zauna da yunwa? Wallahi kin ba mu kunya."

Hawaye suka zubo wa Kyauta. Ta sha kunun, ta sha sosai.

Washegari da hantsi ta ji ƙarar muciya. Nomau ya wanke kwanukan tas, yana sake cika su. Ta yunƙura za ta hana shi, ya ce, "Inna, jiya da abinci suka shigo." Ta koma ta kwanta. Ya kai, aka dawo da su cike. Ya sake kaiwa, aka sake dawowa. Matan suka ga abin ba mai ƙarewa ba ne, suka raba kwana a tsakaninsu, gida biyu kullum, don kada abinci ya lalace. Tuwon Nomau kuwa awaki ake zuba wa, bayan an jiƙa shi.

Ran kwana na biyar ya zo ya zauna kusa da tabarmarta yana matsa kafaɗa. "Inna, na gaji. Ina kaiwa suna dawowa. Yaushe zan daina?"

Kyauta ta daɗe tana kallonsa, wannan ƙaton yaro nata mai furfura a gemu, ga maiƙon miyar wani gida a gefen bakinsa. Ta miƙa hannu ta goge masa.

"Sai ranar da na ce ka daina."

"To, Inna."

Ta ƙara kwana tara a duniya. Ta yi magana da Marka, ta yi da liman, ta yafe wa kowa, ta nemi a yafe mata. Da safiyar wata Alhamis ta cika, Nomau yana bakin murhu yana tuƙi.

Shekara shida ke nan. Kullum da hantsi za ka gan shi da kwano biyu a hannu yana bin lungu, tuwon bai gyaru ba ko kaɗan, zanen furen ma ya goge. Bai taɓa kwana da yunwa ba. Wani lokaci baƙo ko wani mai tausayi yakan tare shi ya ce, "Nomau, ai wahalar ta isa haka, ka huta mana." Sai ya tsaya ya saurara da ladabi har a gama, ya gyara riƙon kwanukansa.

"Inna ba ta ce ba tukuna."