Yadda Za Ka Samo Wa Surukinka Ba'amurke Asali Kafin Yayanka Ya Sake Kira

Babu mutumin da Allah ya halitta ba shi da asali, sai dai wanda bai samu gwanin da zai nemo masa ba. Duk wanda ya bi matakan nan daki-daki, ko daga sama saurayin 'yarsa ya faɗo, zai same shi da kakanni masu tambari da kirari, kuma za a ɗaura aure. An jarraba hanyar a kan Dakta Muntaka Getso na Beltsville, mutumin da mai wannan rubutu yake aske wa gemu kowace safiya, ta kuma yi aiki.

Mataki na 1: Ka tabbata kana da yaya a gida

Idan ba ka da shi, rufe jagorar nan ka je ka aurar da 'yarka lafiya.

Dakta Muntaka yana da shi. Ya shekara ashirin da wani abu a Amurka, digirinsa na uku a kan abincin kaji ne, yana da gida da mota da ciwon baya, amma a danginsu uba ba ya ba da 'yarsa, wan uba ne ke bayarwa. Da 'yarsa Juwairiyya ta kawo Kamal Fletcher, baƙar fatar Amurka, Musulmi, injiniya, mai cire takalmi tun daga bakin ƙofa yana durƙusawa kamar wanda gwiwarsa ta ƙage, Dakta ya ji yaron ya kwanta masa. Sai ya kira Yaya Almu a Kano.

"Ɗan wane gida ne?"

"Injiniya ne, Yaya."

"Ban tambaye ka sana'arsa ba. Mu jikokin mai rinji ne. Bayin da suke yi wa kakanmu noma kaɗai ƙauye guda ne. Ba na ba da 'ya sai na san tushe. Ka bincika, zan kira ka."

Ka lura da abin da ke gabanka. In babu tushe, babu waliyyi. In babu waliyyi, 'yarka za ta yi aurenta a ofishin alƙali ranar Talata, ka ga hoton a wayar ƙanenta.

Mataki na 2: Ka bar iliminka a mota

Kai ka san yadda baƙaƙen Amurka suka samu sunayen Turawan Ingila. Ka karanta. Ka kai baƙi gidan tarihi a Washington, ka tsaya gaban sarƙoƙin ka girgiza kai, har ka ce "Allah sarki." Duk wannan ka naɗe shi ka tura cikin aljihun mota tare da takardun inshora. Ba zai ɓata ba.

Ka manta kuma da yadda ka samu naka sunan. Getso ba kakan kowa ba ne, gari ne. Hedimasta ne ya liƙa wa Dakta shi a aji ɗaya, don Muntaka sun yi yawa a ajin. Amma sunan wani dole ya zama na kakansa. Naka ne kaɗai yake da uzuri.

Mataki na 3: Ka tambayi intanet, kada ka tambayi mai sunan

Mai suna yana iya gaya maka gaskiya. Intanet kuwa tana da ladabi, abin da ka zo nema shi take miƙo maka.

Dakta ya buga Fletcher, aka ce masa tsohon sunan sana'a ne a Ingila, mai yin kibiya, kalmar kuma daga Faransanci ta shigo. Bayan sallar Juma'a ya tare Ousmane, direba ɗan Maraɗi, a wajen ajiye motoci.

"Kibiya da Faransanci fa?"

"Flèche. Dokta, farauta za ka shiga?"

Shaida biyu ke nan. Yanzu sai ƙarin girma. Mai yin kibiya ba ya rasa baka. Mai baka ba ya rasa yaran da suke binsa. Mai baka da mabiya kuwa, a ƙasar Hausa, Sarkin Baka ake ce masa. Kada ka ji nauyin wannan tsani. Sana'a in ta haye teku sarauta take zama, shi ya sa kai ma a gida ake kawo maka masu hawan jini ka duba.

A ƙasan shafin za ka ga ana sayar da tambarin gidan Fletcher a kan allon katako: garkuwa, kawunan kibau, da wani rubutun Latin. Ka sayi babban.

Hasiya, matar Dakta, ta ga allon a kan teburin cin abinci, ta juya shi gaba da baya.

"Baban Haidar, ka tambayi yaron?"

"Yaro ya san me? Abin da babba ya hango..."

"Daga kan kujera ka hango shi, da tabarau," in ji ta, ta koma kan miyarta.

Mataki na 4: Ka karanta sakamakon yawu daga ƙasa

Yanzu mutum yana tofa yawu a 'yar kwalba ya aika, a gaya masa ƙasashen da jininsa ya fito. Kamal ya taɓa yi. Da surukinsa na gobe ya nema, ya buɗe wayarsa ya miƙa da hannu biyu, yadda Juwairiyya ta koya masa.

A sama an rubuta Najeriya, ita ce mafi yawa, sai maƙwabtanta. Wannan ba ya burge kowa a Kano, ko mai shayi yana da shi. Ka gangara. Can ƙasa akwai Ingila, ɗan kaɗan, kamar gishiri a kunu.

"Akwai labari a bayan wannan," in ji Kamal da Turanci. "Gwaggona Constance ce ta fi iya ba da shi. Ba mai daɗi ba ne."

"Na gane, na gane," in ji Dakta, yana ɗaukar hoton layin ƙasan.

Ya kira Kano. Ya ce yaron jinin Sarkin Bakan Ingila ne, ga tambari, ga kimiyya. Yaya Almu ya yi gyaran murya irin ta wanda aka kawo wa naman da ya yi oda.

"Shi ya sa na ga yana da tsayi. To, ina so in ga manyansa da idona."

Mataki na 5: Ka shirya zama, ka jingina waya da tulun ruwa

Ka zaɓi gidan abinci, ba gidanka ba, don a gidan abinci mutane suna jin kunyar tashi a tsakiyar magana. Dakta ya zaɓi wajen Rakia a Wheaton, ya sa aka cika tebur: dambun zogale, tuwon shinkafa, miyar taushe, gasasshen rago. Ya ce kowa ya ci, shi ne mai masauki.

Constance Fletcher ta taso daga Manassas da hular coci a kanta. Tsohuwar malamar makaranta ce, ita ta raini Kamal bayan rasuwar mahaifinsa. Ta ci tuwo da hannu ba tare da an roƙe ta ba, ta tambayi Hasiya me ake sa wa miyar. A cikin wayar da aka jingina da tulun ruwa, Yaya Almu yana zaune da babbar riga da hula, ana ganin rabin fuskarsa da fankar sama.

Nan ne za ka miƙe. Ka ciro allon daga leda, ka yi jawabi da harshe biyu, ka ce gida mai tarihi ya haɗu da gida mai tarihi, ka miƙa mata kyautar tambarin kakanninta.

Mataki na 6: In gaskiya ta taso, ka zama tafinta

Constance ta goge hannunta, ta sa tabarau, ta daɗe tana kallon allon. Kamal yana kallon tuwonsa. Juwairiyya tana kallon ubanta.

"Yana da kyau," in ji Constance. "Na mutumin da ya mallake mu ne. Fletcher mai gonar taba ne a nan Virginia. Kakan kakanmu sunansa Bartholomew, shi ke nan, babu na biyu. Da aka 'yanta su aka tambaye shi sunan gida, sai ya ba da wanda 'yan uwansa da aka sayar za su iya nemansa da shi. Ɗan jinin Ingilan da kuka gani kuma, ta wajen mahaifiyar Bartholomew ya shigo. Ba wanda ya aiko neman aurenta."

"Me ta ce?" in ji wayar.

"Tana godiya, Yaya."

"Duk wannan godiya ce?"

"Turanci yana da tsawo."

Da a nan aka tsaya da an rufe taro da addu'a. Kuskuren Dakta ɗaya ne, ya zauna nesa da tulun ruwa. Hasiya ta miƙa hannu ta ɗauki wayar, ta gaida Yaya har da tambayar mutan gida, sannan ta juya masa maganar Constance da Hausa, ba ta rage ko wasali ba.

Constance ta jira ta gama, ta dubi Dakta da murmushin malamai.

"Kamal ya ce mini ku ma kakanku babban manomi ne, yana da ƙauye guda. Su wa suke yi masa noman?"

Dakta ya buɗe baki don ya ce ma'aikata. Juwairiyya ta riga shi. Ita tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa, kuma kalma ɗaya ta faɗa, wadda ba ta buƙatar tafinta.

Constance ta gyaɗa kai, ta ɗebi dambu. "To, ashe mun daɗe da sanin juna," in ji ta.

Mataki na 7: Ka fita da wayar waje

Maganar maza ba a yin ta a gaban miya. Dakta ya tsaya tsakanin motoci biyu, sanye da babbar riga, yana shirin jin an ce an fasa.

Yaya Almu ya gyara zaman hularsa.

"Muntaka, digiri nawa gare ka?"

"Uku, Yaya."

"Uku." Ya girgiza kai. "Na riga na faɗa a majalisa. Na faɗa a masallaci. Liman har ya tambaye ni ko Sarkin Bakan zai zo da kansa. Yanzu in koma in ce musu me?"

"Ai sai yadda ka ce, Yaya."

"An ba shi. A ɗaura bayan Sallah. Amma a nan gida Sarkin Baka yana nan daram, kada wanda ya sauke shi. Ka turo mini hoton allon." Ya matso da fuskarsa kusa da wayar. "Matar nan kuma ka gaishe ta. Maganar rinji ba lallai ta sake tashi ba."

Ka gani? An yi alkawarin sakamako, ga sakamako. Ba gaskiya ce ta ɗaura auren nan ba, ba kuma ƙarya ba. Kunyar majalisa ce, wadda ta fi su ƙarfi su biyun.

Kafin ka ɗora wa wani laifi

Mai wannan jagora ya yi alkawarin aure, bai yi na mutunci ba. Ba ruwansa in 'yarka ta koma gaishe ka da kalma biyu. Ba ruwansa in matarka ta riƙa kiranka Marokin Sarkin Baka a gaban yara, ko in surukinka ya ci gaba da durƙusa maka, wanda shi ya fi ciwo. Allon katako ba a mayar da shi in an buɗe ledar. Duk abin da ya biyo baya, kai da yayanka ku raba.

Dakta ya koma ciki da albishir a bakinsa. Ya tarar kujerar Constance babu kowa, Kamal da Juwairiyya sun raka ta mota ta ƙofar baya. Allon yana kife a kan kujerar. Hasiya tana ɗaure ragowar rago a leda, ba ta ɗago ba. Ya ciro katinsa ya nufi wajen Rakia, don duk abin da ya faru mai masauki mai masauki ne.

Rakia ta tura masa katin da ɗan yatsa.

"Dokta, Madam Constance ta biya tun kana waje. Ta ce kada a dame ka, kana maganar asali."