Yadda Za Ka Ba Da Labarin Fim Ɗin Da Ba Ka Kalla Ba

Ɗan'uwa, gyara zama. Ni ne Munzali mai aski, wanda shagonsa ke kallon tashar motocin Michika a nan Mubi. Yau zan koya maka sana'ar da babu malaminta a kwalejin Foli: yadda za ka zauna cikin jama'a ka zuba labarin fim tiryan-tiryan, har da waƙa da dambe, alhali ko kwalinsa ba ka taɓa riƙewa ba. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan za a matsa maka a kan benci, za a zuba maka shayi mai kauri, ƙila ma ka samu mata. A kan idona aka gwada hanyar, a jikin maƙwabcina Tizhe mai faci, kuma da shi zan yi ta buga maka misali.

Mataki na 1: Nemo fim ɗin da ya bar mutane a rataye

Kada ka taɓa fim ɗin da kowa ya gani. Nemi wanda ake jira.

A garin nan babu ɗan wasan barkwancin da ya kai Ɗan Buhu farin jini, mutumin nan mai sa buhun masara a madadin riga, mai magana ta hanci. Musulmi da Kirista, Fulani da Gude, kowa nasa ne. A ƙarshen kashi na biyu na "Ɗan Buhu A Gidan Surukai" an nuno shi ya ɓuya cikin rijiya, hannu ɗaya riƙe da igiyar guga, ɗayan rungume da akuyar surukinsa da ya sato, ga surukin yana tahowa da taɓarya. Sai rubutu ya fito: mu haɗu a kashi na uku.

Muna cikin jira, a ƙarshen Oktoban 2014, masu bindiga suka shigo gari. Kowa ya yi ta kansa, wasu kan dutse, wasu Kamaru, wasu Yola. Da muka dawo bayan watanni, ƙofofi a ɓalle, babu wutar lantarki, shagon Alhassan mai kaset ya zama toka. Aka yi ta gaisuwar rashi, aka yi ta tambayar wa ya dawo, wa bai dawo ba. Wata rana da la'asar muna zaune jugum a teburin Sali mai shayi, sai wani direba ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Wai ni kam, Ɗan Buhu ya fito daga rijiyar nan kuwa?"

Babu wanda ya sani. To irin wannan shirun kake nema. Shiga da ƙafar dama.

Mataki na 2: Zaɓi garin da babu mai shaida

Kada ka kuskura ka ce a Yola ka kalla. Rabin Mubi a Yola suka yi zaman gudu, wani zai tambaye ka a wace unguwa.

Tizhe ya yi sa'a, gudunsa bai tsaya ba sai Kano, wurin ƙanensa Zira. Can ɗin ma faci ya yi ta yi daga safe har magariba, bai kalli komai ba sai tayoyin mutane. Amma daidai lokacin da direban ya yi tambaya, Selina 'yar Baba Zacharia ta iso da kular waina za ta ajiye wa Sali. Tizhe ya daɗe yana son yarinyar nan, kuma duk hirar da ya taɓa yi da ita ba ta wuce "sannu da rana" ba. Bakinsa ya riga kansa.

"Ya fito mana," in ji shi. "Na gan fat tiri, kashi na ukun, a Kano."

Benci ya juyo gaba ɗaya. Selina ta sauke kula, ta ƙi tafiya.

Mataki na 3: Fara da raina fim ɗin

Masani ba ya yabo. Mai yabo ƙauye ne ya zo kallo. Kai dai ka yatsina fuska ka ce, "Bai kai na ɗaya ba." Wannan jimlar ba ta taɓa ba mutum kunya ba tun da aka fara ɗaukar fim a duniya. In an matsa, ƙara da, "Darakta ya yi ƙoƙari, amma waƙa ta yi yawa." Nan ma ba za ka taɓa yin ƙarya ba.

Tizhe ya faɗi duka biyun, ya kurɓi shayi, ya kalli sama kamar mai tuno wani baƙin ciki. Gumi yana bin bayansa, amma ni kaɗai na gani, don a bayansa nake zaune.

Mataki na 4: Kada ka wahalar da kanka, bar su su rubuta maka

Nan sirrin yake. Duk wanda ya yi maka tambaya, amsar tana aljihunsa. Aikinka ka zaro ta.

Sali ya ce, "To akuyar fa?"

Tizhe ya ce, "Kai me ka gani akuya zai yi da igiya?"

"Cinyewa za ta yi!"

"Kai! Ashe kai ma ka kalla!"

Daga nan hanya ta buɗe. Akuya ta cinye igiya, su biyun suka faɗa tsundum. Ashe ƙasan rijiyar akwai rami, ramin ya haɗe da mayo, wato rafi, ruwa ya yi ta tafiya da su har ya tofo su a Mugulbu nan kusa da mu, tsakiyar mata masu wanki. Matan suka ga buhu yana tafiya da ƙaho, suka ce aljani ne, suka rufe shi da duka da jiƙaƙƙun zannuwa. Tizhe ya miƙe ya toshe hanci yana kwaikwayo: "Wayyo Hajiya, ni baƙo ne, akuyar ce 'yar gari!"

Sali ya tuntsurar da gwangwanin madara. Direban nan ya zame daga benci yana riƙe da ciki. Selina ta rufe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Ban ji irin wannan dariyar ba tun kafin gudu, har na manta yadda ƙararta take.

Mataki na 5: Tsaya a inda ya fi daɗi

Kada ka juye tukunya rana ɗaya. Da ka ga an buɗe baki, duba agogo ka ce lokacin hana fita ya kusa. Wannan doka ta takura kowa a garin nan, amma shi Tizhe ta yi masa rana. Kullum sai ya kai Ɗan Buhu bakin halaka, sannan ya karkaɗe wando ya ce sai gobe.

Mataki na 6: In suruki ya aiko, ka je

Labari ya zaga gari har ya shiga gidan Baba Zacharia, tsohon malamin firamare, mutumin da ko a zamanin lafiya ba a cika ganin haƙoransa ba. Da ya dawo daga gudu ya tarar an kwashe masa gida, masararsa ta ƙauyen Sahuda ta ruɓe a gona, sai ya daina magana ma. Yana wuni a kujerar roba gindin mangwaro, rediyo a cinya, ba ya kunnawa. Samari da yawa sun so Selina, duk a ƙofar gidan nan suka juya.

Ranar da ya aiko, Tizhe ya zo na gyara masa kai, ya roƙe ni in raka shi. Muka durƙusa muka gaida tsoho. Ya daɗe yana kallon Tizhe ta saman tabarau.

"Kai ne ɗan Michika mai faci?"

"Ni ne, Baba."

"An ce ka gan na uku."

"Na gani, Baba. Bai kai na ɗaya ba."

"Ban tambaye ka wannan ba. Surukin fa, mai taɓarya? Ya bi shi cikin rijiya?"

Lura da kyau, ɗan'uwa: mataki na huɗu yana aiki har a kan surukai. Tizhe ya ce ya bi shi mana, sai dai tumbinsa ya maƙale a bakin ramin, ruwa ya taru a bayansa, ya harbo shi sama kamar murfin kwalba. Baba Zacharia ya yi wani tari. Ya sake yi. Sai ga dariya ta ɓalle, irin mai fitowa daga ƙasan ciki, har rediyo ya faɗi. Matarsa Mama Victoria ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya tana kallon mijinta, tana share ido da bakin zane.

Tun daga ranar aka ajiye wa Tizhe kujera a gindin mangwaro, da tuwo da miyar yakuwa. Selina ce mai kawowa.

Mataki na 7: Ka tuna cewa mota tana zuwa daga Kano

Wannan ne matakin da ɗalibai ke mantawa.

Alhassan mai kaset ya kafa tebur da lema a gefen tsohon shagonsa, ya tafi Kano da ɗan abin da ya rage masa, ya dawo da kwali guda. A saman kwalin, ga "Ɗan Buhu A Gidan Surukai 3". Baba Zacharia da kansa ya taka har teburin ya sayi na farko, ya ari janareto, ya ce Lahadi bayan coci kowa ya zo gidansa.

Selina ta sami Tizhe a wurin faci, ni ina jin su ta taga.

"Faɗa mini gaskiya. Ka kalla ko ba ka kalla ba?"

"Na kalla da zuciya."

"Yesu! Tizhe!" Ta dafe kai, sannan ta ce, "Baba ya tsani ƙarya fiye da ɓarawo. In ka gudu, kada ka sake zuwa. In za ka zo, ka sa riga mai kauri."

Ya shigo shagona neman mafita. Na ba shi shawarar masana: da an ga bambanci, ka tashi ka ce faifan jabu ne, an cuci Alhassan a Kano. Magana ɗaya, ka tsira.

Mataki na 8: Ɗora wa faifan laifi

Tsakar gida ta cika, har kan katanga. Aka tayar da janareto, aka sa faifai.

Aka buɗe da Ɗan Buhu cikin kwat, a wani otal, yana waya. Babu rijiya. Babu taɓarya. Ba a ma yi zancensu ba, kamar ba a taɓa haƙa rijiya a duniya ba. Sai ga wani saurayi da budurwa da ba mu san daga inda suka fito ba, suna zagaya bishiya suna waƙa. Suka gama, suka canza kaya, suka sake wata.

Mama Victoria ta ce, "Ina akuya?"

Sali ya ce, "Ina Mugulbu?"

Idanu suka koma kan Tizhe. Na zungure shi da gwiwar hannu. Ya miƙe, ya buɗe baki, sai idonsa ya faɗa kan Alhassan, wanda ke tsugune kusa da talabijin, hula a hannu, fuskarsa ta yi fari. Kowa ya san kwalin nan shi ne duk abin da ya mallaka. In aka ce jabu yake sayarwa, ya gama kasuwa a Mubi.

A nan Tizhe ya karya dokar sana'a, kuma ina faɗa maka ne don kada ka kwaikwaya.

"Kaset ɗin Alhassan mai kyau ne," in ji shi. "Ni ne ban kalla ba. Baba, ka yi haƙuri. Duka daga kaina ya fito."

Babu abin da ake ji sai janareto da waƙar masu zagaya bishiya. Selina ta sunkuyar da kai. Baba Zacharia ya tashi a hankali, ya taka har bayan ɗaki, ya kashe janareto. Ya dawo ya zauna, ya gyara tabarau.

"Shekaru na yi ina koya wa yara taswira," in ji shi. "Rijiyan Kano ba ya fita a Mugulbu. Tun ranan farko na sani." Ya nuna Tizhe da sanda. "Ƙarya ka yi, kuma za mu yi maganan wannan ni da kai da fasto. Amma jiya ka bar akuya a shingen bincike, ba shi da katin shaida. Mai ya yi tsada. Tashi ka ƙarasa."

Tsakar gida ta ɗauki ihu. Tizhe ya toshe hanci, ya fito da akuyar nan da takardar haihuwa. Washegari Alhassan ya sayar da faifan kaf, don kowa yana so ya ga lalacewar fim ɗin da idonsa, ya samu bakin cewa bai kai na Tizhe ba.

Mataki na 9: Karɓi sakamako

An ɗaura auren bayan girbi. Ni na yi wa ango aski.

Kafin ka tashi, ga sanarwa. Ni Munzali aski na sani. Ban aike ka ba, ban san ka ba, kuma in aka fasa maka baki a majalisa, shagona ba kemis ba ne. Haka nan in hanyar ta yi aiki fiye da kima, babu ruwana. Jiya Tizhe ya zauna a kujerata idanunsa sun yi zuru-zuru. Duk Lahadi bayan coci sai ya kai wa surukinsa sabon kashi. Ya kai Ɗan Buhu Garwa ta Kamaru, ya kai shi gidan yari, ya tsayar da shi takarar kansila, yanzu kansa ya ƙafe ƙaf. Ya ce ya gwada shaida wa tsohon cewa a kashi na gaba mota za ta buge Ɗan Buhu, kowa ya huta.

Na ce, "Me ya ce?"

"Ya ce ba damuwa. Ranan da aka binne Ɗan Buhu, in kawo mishi Selina da akwatinta."