Tattalin Ruwan da Na Yi wa Kamfani

Bazarar shekarar nan ta gasa garin Lafiya, har rijiyoyin unguwar Akurba suka ƙafe. A lokacin ne aka sa wa tankin gidan fiya-wata da nake aiki wata na'ura mai gaya wa kwamfuta yawan ruwan ciki. 'Yata Hadiza ce ta haɗa, sai aka kira ta wani aiki a garin Keana.

Kafin ta tafi ta ce, "Mama, ki zubar da ruwan tankin kaf, sannan ki danna sifiri, don na'urar ta san yadda babu take."

In zubar da ruwa a wannan zafi? Ni da na yi yaƙi da jahilci, ai na san sifiri. Na danna abina tanki na cike, na ce ai ba ta da ido.

Na'urar kuwa, baiwar Allah, ta yarda da ni cewa tanki babu ruwa. Ta kunna injin jan ruwa, ta ƙi kashewa. Ruwa ya malala har titi, mata suka fito da bokitai, masu keke napep suka hau wanki.

Manaja ya ce, "Mama, me kika yi?"

Na ce a hankali, "Tattali, ranka ya daɗe."

Washegari na fito kwashe laka, masu keke suka tare ni: "Injiniya, yau yaushe za ki saki ruwa?" Har yau ba su daina ba.