Rasuwar Zinariya, Motar da Aka Sa wa Haƙoran Matacciya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Kyauta, uwar Dogo direba, nake sanar da mutanen Gumel da kewaye rasuwar Zinariya, motar ɗana. Ta cika ranar Alhamis da hantsi cikin yashin hanyar Maigatari, ina zaune a kujerarta ta gaba.

Marigayiya mai haƙuri ce. Shekara huɗu tana ɗaukar gyaɗa zuwa Gagarawa, ba ta taɓa wuce mai ciki a hanya ba. Aibinta ɗaya, a gafarce ni, ba ta riƙe sirri. Saboda rugunginta kowa sai ya ɗaga murya, shi ya sa na san abin da ya raba Hamma mai goro da surukinsa tun matarsa ba ta sani ba.

Ciwon ajali ya faro ne daga tukunyar ƙarfen nan da ke tsakanin ƙafafunta na baya. A ciki akwai faifai mai haƙora, da wani ɗan ƙarami mai juya shi. Faifan ya tsage. Cindo maƙeri ya auna shi da kaba, ya hau jaki zuwa Ɗanzomo, inda wata mota ta kife bara ta danne direbanta, ya kwanto nata. Faɗin dai ɗaya. Ramukan kusoshi suka saɓa, ya huda sababbi. Faifan ya ƙi zama a mazauninsa, Cindo ya bi shi da magagari kamar mai sa wa fartanya ƙota. Haƙora kuwa ba wanda ya ƙirga. Sai yanzu wani makanike Bakano yake cewa faifai da ƙaramin tagwaye ne, tare ake ƙera su, ba a haɗa ɗaya da baƙo.

Tun daga nan ta fara kuka. In ta miƙe hanya, "uuuu." In ta sassauta, "wayyo, wayyo." Dogo ya ɗora wa rashin mai laifi. Ni kuwa na zauna a kan majinyata da yawa, na san nishin wanda bai shirya tafiya ba. Ran Alhamis ta yi "ƙas, ƙas, ƙas," ta tsaya. Dogo ya kashe inji, amma wallahi nishin bai tsaya ba sai da na ja numfashi uku. Kuma ba muryar namiji ba ce.

Ta bar Dogo, yana kewaya gida da makulli a hannu. Ta bar Cindo, da bai leƙo kasuwa ba har yau. Ta bar ni, ta bar ƙanwata Asama'u da ke kwance a Maigatari tun damina. Duk Alhamis Zinariya ke kai ni in ga idonta. Gwiwoyina sun daina hawan jaki, wata motar kuma sai kaka.

Ranar Asabar bayan la'asar shanu shida za su jawo ta zuwa gindin tsamiyar bayan gidanmu. Liman ya ce ƙarfe ba shi da rai, don haka ba salla, sai gumba da na sa a daka. Faifan za a mayar Ɗanzomo wurin matacciyar motar da aka kwanto shi daga jikinta, kada wanda ya ƙera lauje da shi.

Ana karɓar gaisuwa a zauren Dogo. Amma wanda ya fito daga Maigatari ya wuce ɗakina kai tsaye, ya faɗa mini gaskiyar Asama'u. In "da sauƙi" kawai ya kawo, ya riƙe abinsa, an riga an kawo mini biyu.