Ankon Masoyan Waya

Ku yi mini uzuri idan rubutun yau ya zo a karkace, a kwance nake yin sa. Ranar Asabar na ci amala har na daina ƙirga malmala, na ɗora dafa-duka, na bi da nama, kuma har yanzu cikina bai yafe mini ba. Ba haɗama ba ce wallahi, taimakon maƙwabci ne. An dafa abincin da zai ciyar da rabin unguwarmu ta Mushin, mu da muka je kuwa ko motar danfo ɗaya ba za mu cika ba.

Bikin ƙaddamar da faifan Tiamiyu ne, saurayin da ɗakinsa ke kallon nawa. Mawaƙin fuji ne, ba kamfani, ba ubangida, sai murya. Muryar kuwa ni shaida ne: in ya ja baiti, mai tallar burodi sai ta tsaya da tire a ka. Uwarsa, Iya Tiamiyu, mai shagon atamfa a Oshodi, ta kafa masa sharaɗi tun bara. In zauren biki ya cika, ya ci gaba da waƙa da albarkarta. In bai cika ba, ya rataye kalangu ya zo shago ya kama almakashi.

Shekarun baya in ya biya ɗan abin da ya samu aka tallata masa waƙa a waya, mutane masu jini a jika ke kiransa suna da ɗaurin aure, har Ikorodu. Yanzu kowa biya yake yi. Mawaƙi na biya, mai maganin basir na biya, mai neman kansila na biya, kafin ka buɗe baki yatsa ya share ka.

Sai ga mai ceto ya bayyana: Mai Girma Otunba, Uban Fasaha, Garkuwan Masu Tasowa, shugaban wani kwamitin raya ƙananan mawaƙa. Ya tara su a otal mai sanyi, ya iso taron safe bayan azahar, ya gano musu cutarsu nan take, wai ba sa biya da yawa. Saboda tsabar tausayi har ya nuna musu kamfanin da za su biya, wanda aka yi dace na ƙanin matarsa ne. Allah ya ƙara wa Otunba faɗin babbar riga.

Tiamiyu ya biya. Ba a jima ba ya faɗo ɗakina da waya a hannu, ko sallama babu.

"Baba Sikira, duba nan! Masoya dubu arba'in!"

"Ka san ko ɗaya a cikinsu?"

"Haba Baba, ku tsofaffi zamani ya wuce ku."

"To wannan da ya rubuto maka yabo, wane yare ne? Rubutun kamar an zubar da taliya."

"Waƙa ba ta da iyaka, Baba!"

"Madalla. Ce masa ya turo awon hularsa."

Da wasa na faɗa, ashe na tono masa tunani. A garin nan ba a biki ba anko, kuma mai biki ke kawo yadi, 'yan biki su saya. Tiamiyu ya dubi adadin nan na waya, ya sa aka buga masa atamfa bandir-bandir, da hotonsa yana murmushi a kowane yadi. Uwarsa ta ga ana sauke kaya, ta riƙe haɓa.

"Kai Tiamiyu, masoyan nan naka, suna da ƙafa kuwa?"

Ranar Asabar muka samu amsa. Ni, matata Iya Sikira, makaɗa, 'yan gidanmu, sai kujeru reras sanye da farin ƙyalle. Otunba, wanda shi ne babban baƙo, ya turo wakili, wakilin ya turo direbansa, direban ya zo da kula biyu ya cika ya tafi.

Yaron nan ya hau ya yi waƙa kamar zauren ya cika maƙil. Ban taɓa jin ya yi irinta ba, kuma na ji tausayinsa. Uwarsa ta tashi ita kaɗai ta taka rawa, ta liƙa masa kuɗi a goshi, ta share masa zufa da gefen mayafinta. Da ya sauko ta zura masa makullin shago a aljihu.

Kwamitin Otunba kuwa, na ji, ya ayyana shirin a matsayin gagarumar nasara, yanzu yana neman a ware masa kuɗin zagaya ƙasashen waje. Ina goyon baya. Wataƙila a can su haɗu da masoyan Tiamiyu, su gaishe mana da su.

Jiya na lallaɓa Oshodi in duba shi. Na same shi a bakin shago, igiyar awo rataye a wuya, ankon nan jibge a gabansa an karya farashi. Wata dattijuwa ta tsaya ta ɗaga yadin, ta ƙura wa hoton ido. Kun san mu, ba kasafai ake buga fuskar mutum a zane ba sai ya riga mu gidan gaskiya.

"Wayyo, da ƙuruciyarsa! Ɗana, yaushe ya rasu?"

Tiamiyu ya ɗauki almakashi.

"Ranar Asabar, Mama. Yadi nawa zan yanka?"